Yadda muka ɗauko aku daga Kaduna zuwa Kano, da abin da muka sha kafin ya saba da gidan

Tun da ƙawayena suka ji muna da aku a gida ake ta tambayata wai ya aka yi, wasu har sun fara cewa su ma za su nemo, to gara in zauna in faɗi yadda abin ya kasance tun daga farko, don ni lokacin da nake neman mai yi min bayani ban samu ba, duk wanda na tambaya sai yace ai tsuntsu ne, ki samu kwali ki huhhuda ki saka shi ki taho. Wallahi da na bi wannan shawarar da yanzu wani labarin ake ba wannan ba.

Akun na Kawuna ne, ƙanin mahaifiyarmu da yake zaune a Kaduna. Shekara 11 yana hannunsa, irin mai ruwan tokan nan ne mai jan wutsiya, shi yasa ma Kawu ya raɗa masa Dogari. Ƙarshen shekarar da ta wuce ciwon ƙirji ya matsa wa Kawu, tari ba dare ba rana, likitansa ya tambaya ko akwai tsuntsu a gidan, da yaji akwai kuma a ɗakinsa ma yake kwana sai yace lallai a raba su, don irin wannan akun akwai wata farar ƙura kamar hoda da take fita daga gashinsa, mai lafiya ba ta cika damunsa ba amma mai asma tana tayar masa da ciwon. Kawu ya kira ni da daddare yace “'yar nan, duk cikin 'ya'yan Yaya ke ce mai haƙuri da dabba, ki zo ki ɗauki Dogari, ban yarda a sayar da shi ba.” Nace to Kawu. Ko shawara ban yi da maigidan ba na amsa, sai da na ajiye wayar na tuna ni fa ko kanari ban taɓa riƙewa ba, iyakata kaji shida a bayan gida. Tsarin da na fara yi a raina shi ne ƙanina ya kai shi tashar Kawo a kwali, a ba direba, mu karɓa a Unguwa Uku kamar yadda ake aiko mana da kayan miya. Allah ya taimake ni maigidan yace in tambayi wani yaron maƙotanmu mai kiwon tattabaru, yaron ya kalle ni yace “Anti, tattabara ma in ta sha zafin but da hayaƙin salansa mutuwa take, balle wannan, ki je asibitin dabbobi tukunna.”

Ranar Litinin da safe na je, hannu rabbana tunda tsuntsun yana Kaduna. Mai yankar kati yace ina dabbar, nace tana Kaduna, ya yi dariya yace to sunan wa zan rubuta, nace rubuta Dogari. Naira 1,000 katin. Na zauna a benci kusan awa biyu, gefena wani dattijo da ragonsa mai zawo, gabana wani mutum riƙe da leda da matattun kajin gidan gona a ciki yana ta tsaki. Da layi ya zo kaina likitan da na samu ya faɗa min gaskiya, yace Hajiya ni aikina shanu da tumaki da kaji, wadda ta san irin waɗannan tsuntsayen sai Laraba take zuwa. Raina ya ɓaci a lokacin amma daga baya na gode masa, ya fi ya ƙaƙalo min wani abu. Saboda haka kafin mutum ya kashe safiyarsa ya fara tambaya ko akwai likitan da yake duba aku, ba kowane likitan dabbobi ne ya saba da su ba.

Laraba na koma, wannan karon minti 40 kawai na jira. Likitar mace ce, yarinya ma a kaina, amma tambayar farko da ta min na daburce. Me yake ci, ƙarfe nawa yake barci, an taɓa yanke masa fiffike, a ina kejinsa yake, wa ya fi sabawa da shi. Ko ɗaya ban sani ba. Tace kira mai shi yanzu. Na kira Kawu na saka a sifika, suka yi ta magana ni ina rubutawa a bayan katin. Ta tambaye shi ina ya samo shi, yace wani abokin aikinsa ne ya ba shi tun yana aiki a kudu. A nan ta min bayanin da ban taɓa ji ba, tace irin wannan akun ya yi ƙaranci sosai a daji saboda yawan kama shi, tun watan Janairun 2017 aka saka shi a jerin farko na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobin daji, wato an hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa, kuma a nan Najeriya ma dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa ta shafe shi. Tace tunda namu tsohon na gida ne kuma kyauta ce ba ciniki ba, Kawu ya rubuta takarda cewa nasa ne tun shekara kaza ya ba ni, ya sa hannu da shaida, sannan a samu likita a can Kaduna ya duba shi ya ba da takardar lafiya mai tambari, saboda masu tsaida mota a hanya. Na tambaye ta ko akwai maganin barci da za a ɗan ba shi ya kwanta har mu iso, ta ajiye biro tace kar ki kuskura, kar ki bari wani ma ya ba shi, tsuntsun da aka bugar ba ya iya riƙe sanda, faɗuwa zai yi ta yi, numfashinsa ma zai iya tsayawa. Naira 5,000 na biya, kuma har yau ina ganin ita ce kuɗin da ta fi amfani a cikin duk abin da na kashe.

Ita ce ta zana min abin da za a ɗauko shi a ciki. Ni a tunanina babban keji ya fi don ya wala, tace a'a, a mota ƙarami ake so, wanda zai iya tsayawa kansa bai taɓa sama ba kuma ya iya juyawa, shi ke nan, don in wuri ya yi yawa duk birkin da aka taka sai ya buɗe fiffike ya bugu. Na samu akwatin robar nan mai ƙofar ƙarfe da ake saka mage a wani shagon masu sayar da abincin karnuka a Sabon Gari, 18,000. Na kai wa kafinta ya huda gefe da gefe ya ɗaure reshen gwaiba a ƙasa-ƙasa da noti yadda ba zai juya ba, 1,500. Sannan tace kar in bari ranar tafiya ce ranar da zai fara ganin akwatin, in aika shi tun da wuri. Na ba direba a Unguwa Uku da 2,000, Kawu ya ajiye shi kusa da kejin ƙofa a buɗe da gyaɗa a ciki. Kwana uku na farko wai ko kallon wajen ba ya yi, in an matso da shi sai gurnani, rana ta huɗu ya fara leƙawa, ta shida ya shiga ya ɗauki gyaɗar ya fito da gudu. Abu na ƙarshe da ta jaddada min, wanda na so in yi gardama a kai, shi ne tsohon kejinsa. Kejin ya tsufa, duk ya lanƙwashe, ni har na yi wa mai walda magana ya min sabo. Tace sabon ya jira, ku taho da tsohon da kwanukansa da sandarsa da ƙyallen da ake rufa masa da dare, kar ma a wanke ƙyallen, gida zai canza, mutane za su canza, a bar masa abu ɗaya da ya sani.

Ranar Juma'a muka tafi Kaduna ni da maigidan a Sienna ɗin abokinsa, don kejin ba zai shiga motarmu ba. Da la'asar likitan da ɗan Kawu ya nemo ya zo gida, ya naɗe Dogari a tawul ya duba hanci da ido da ƙasan ƙafa, ya ɗora shi a sikeli giram 440, yace in riƙe wannan lambar don da ita za a gane in ya fara ramewa tunda gashi yana ɓoye rama. Ya rubuta takarda ya buga tambari, 10,000 har da kuɗin zuwansa. Wani abin dariya, na tambaye shi wai da gaske namiji ne, yace irin wannan ba a tabbatarwa da ido sai an gwada jini ko gashi, Kawu yace shekara 11 ina ce masa shi bai taɓa musa min ba. Da daddare kuma na yi wautar farko, naga yana sunkuyar wa Kawu da kai yana sosa masa, ni ma na zura yatsa. Ban san sanda na ƙwalla ƙara ba. Baki ne mai ƙarfin gaske fa, har yanzu tabon yana nan a ɗan alina.

Bayan sallar asuba muka shirya. Likita tace a ba shi abinci kaɗan kawai kafin a tashi don su ma mota tana juya musu ciki su yi amai. Duk sabon da ya yi da akwatin, ranar ƙin shiga ya yi, ina jin ya ga jakunkuna ya gane akwai wani abu, sai da Kawu ya kashe fitila ya lulluɓe shi da tawul a hankali ya saka shi yana masa magana ƙasa-ƙasa. Kawu bai rako mu mota ba. Yace ku je kawai, ya koma ɗaki, ni ma ban matsa ba. Ƙarfe 6:15 muka ɗau hanya. Akwatin a kujerar baya na ɗaure shi da bel, na zauna kusa da shi, na rufe gefe uku da tsohon ƙyallen na bar ɓangarena a ɗan buɗe don iska da kuma in dinga leƙawa. Ba mu saka kwanon ruwa ba don zubewa zai yi ya jiƙa shi cikin sanyin hunturu, yankan kankana da kokwamba na saka a ƙasa, su ne ruwan. Muka cire turaren motar da yake rataye a madubi, rediyo a kashe, gilashi a rufe saboda ƙura da hayaƙin tireloli, esi can ƙasa kuma na karkatar da shi daga saitinsa. Minti 20 na farko wani irin gurnani yake kamar ana jan tsohon ƙarfe a kan siminti, maigidan har yana waigowa wai anya ba shaƙewa yake ba, ashe haka suke yi in sun tsorata. Kafin Mararrabar Jos ya yi shiru.

Bayan mun wuce Jaji aka tsaida mu a wani shinge. Jami'in ya leƙo yace Hajiya me aka lulluɓe haka, kafin in buɗe baki ya zuro hannu ya yaye ƙyallen gaba ɗaya ya kai fuskarsa jikin ƙofar. Dogari ya ƙwalla wani ihu ya dinga bugun akwatin, mutumin ma sai da ya ja baya. Na miƙa masa takardun biyu, ya duba tambarin ya duba tsuntsun, ya tambaya ko na sayarwa ne muka ce a'a, yace ku je. Da muka matsa gaba na duba naga ɗigon jini a jaridar da na shimfiɗa, gabana ya faɗi, ashe kan farcensa ɗaya ne ya karye a jikin ƙofa. Allah yasa likita ta ce in riƙe garin fulawa ko sitaci a ƙulli, muka tsaya gefen titi muka rufe duk gilasan motar, maigidan ya riƙe shi a tawul hannunsa na rawa, na danna garin a kan farcen na riƙe kamar minti biyu jinin ya tsaya. Daga nan duk shingen da muka hango tun daga nesa nake sauke gilashina in riga su magana, ranka ya daɗe tsuntsu ne, ga takardarsa, dan Allah kar a yaye, ni zan ɗaga maka gefe. Babu wanda ya ƙi. A Zariya muka tsaya shan mai, ban fita ba, don ba a barin shi shi kaɗai a rufaffiyar mota ko na minti biyar ne. Wajen Kwanar Ɗangora rana ta fara dukan ɓangarensa ban lura ba, sai na leƙa naga baki a buɗe yana haki ya saki fukafukai, alamar zafi ke nan, na maida akwatin ɗaya gefen na ɗan fesa masa ruwa sama-sama, kafin Kura ya dawo daidai har naga ya ɗan ciji kankanar. Kuskuren da na ƙara yi shi ne tsayawa a 'Yan Lemo wai in saya masa gwanda da ayaba, ga cunkoson Na'ibawa ga hon ga masu talla suna leƙen gilashi, ya koma gurnani. Da tun ranar Alhamis na saya na ajiye. Tafiyar kusan kilomita 230 ce amma sai wajen 10:30 muka shiga gida don a hankali muka taho.

To a gida ne na yi babbar ɓarnar, duk shirin da na yi wa hanya na yi shi, na manta ban shirya mutanen gida ba. Yarana sun gama shelanta wa layi kaf cewa Umma za ta kawo aku mai magana. Muna buɗe get tsakar gida cike da yara, wasu a kan katanga, kowa na ihun “aku kuturu! aku kuturu!” Na kutsa falo da akwatin a rungume, sai na tarar Hajiya surukata ta zo taya mu murna, ta cika kasko da garwashi ta zuba turaren wuta, falon ya turnuƙe har ba ka ganin labule sosai. Ita karramawa ta yi, haka ake tarbar wanda ya dawo daga tafiya, amma likita ta riga ta gaya min numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne, bayan huhu suna da wasu jakunkunan iska a jiki, hayaƙin da mu za mu ce ƙamshi ne shi zai iya kwantar da shi. Na juya da gudu na yi ɗakin baya da shi, na dawo ina ba Hajiya haƙuri ina buɗe tagogi. Ta kalle ni tace “yau ni naga ikon Allah, tsuntsu ne ba ya son turare?” Sai da maigidan ya zauna ya mata bayani, shi kuma ya sallami yaran da alewa da alƙawarin za su gan shi in ya huta.

Muka kafa tsohon kejin a ɗakin baya, bayansa jingine da bango, a kan tebur yadda sandarsa ta zo daidai ƙirjina, ba a ƙasa ba, ba kuma saitin taga ba. Ban kama shi ba, na haɗa ƙofar akwatin da ƙofar kejin na ɗaure da igiya na fita na ja ƙofa. Sai da ya yi kusan minti 40 sannan naji ƙarar ƙarfe, na leƙa ta taga na gan shi a can ƙuryar sandarsa ya takure. Haka ya wuni. Masara da gyaɗar da Kawu ya ƙullo mana, irin wadda ya saba ci, ko kallo ba ta ishe shi ba. Lahadi da safe ma haka, kwano yadda na zuba. Na kira likita muryata na rawa, tace in shimfiɗa sabuwar jarida in dinga duba kashinsa, in yana yi ko kaɗan ne to wani abu yana shiga, amma in har yamma ta yi babu kashi, ko na gan shi a ƙasan keji ya kumbura gashi ido a lumshe, ko wutsiyarsa tana sama da ƙasa in yana numfashi, in kawo shi ko dare ne, don tsuntsu yana ɓoye ciwo sai ya ci ƙarfinsa ake gani. Tace kuma in daina tsayawa a kansa ina zuba masa ido, abin da zai cinye shi a daji ne yake masa irin wannan kallon. In ɗauko kujera in zauna nesa kaɗan in ba shi gefe, in ci abincina a wajen, don su a garke suke ci, in ya ga ana ci zai fi sakin jiki. Haka na zauna da kwanon shinkafa da wake ina ci ina kallon bango kamar wadda aka yi wa horo. Da magariba dai na kasa daurewa na kira Kawu ina hawaye nace Kawu ya ƙi ci. Yace saka ni a sifika. Ya yi wani fito mai hawa biyu yace “Dogari, Dogari na sarki, a ci abinci mana.” Wallahi tsuntsun nan ya karkata kai yana neman inda muryar take, ya taka sandar a hankali har bakin kwano, ya ɗauki gyaɗa ɗaya da ƙafa ya ɓare. Guda huɗu ya ci a daren. Daga ranar Kawu ya turo min saƙon murya, kullum da safe in kunna masa in zuba abinci, sai da muka yi sati muna haka.

Sauran wahalar ta canza halin gida ce. Sauro dai ba a fasa shi a Kano ko da hunturu, amma fiya-fiya da igiyar leƙo da maganin feshi duk sun bar ɓangaren da yake, mun koma gidan sauro, in kuma dole sai an fesa a wani ɗaki to a rufe shi ruf sai ƙamshin ya fita gaba ɗaya. Janareto da yake bayan tagarsa muka maida shi can bakin get. Kaskon suyar nan mai baƙin shafe da ba ya kama abinci, in ya ƙone a wuta tururinsa yana kashe tsuntsu, shi yasa ko kusa da kicin ba a kai Dogari. Turaren wuta kuwa yanzu a ɗakina kawai nake yi ƙofa a rufe, wannan kam na ji shi a raina ba kaɗan ba. Wata rana na kama Hajiya tana miƙa masa ɓarin goro wai su saba, na ce Hajiya ki yi haƙuri, goro da shayi da kofi da cakulan duk ba ya ci, haka fiya, ita ma guba ce a wajensa, da albasa da abu mai gishiri. Kajina kuma likita tace kwana 30 kar su haɗu ko ta kwano ko ta tsintsiya, in na taɓa su in wanke hannu kafin in zo wajensa, saboda cuta tana bi ta kowane ɓangare, kuma akwai wadda mutum ma yake ɗauka daga busasshen kashin aku ta zo da zazzaɓi da tari, don haka in zan share sai na yayyafa ruwa na saka takunkumi.

Kwana 10 bai ce uffan ba, yara har sun fara cewa an cuce mu bebe aka ba mu. Dare na 11 wajen ƙarfe biyu maigidan ya tashe ni yace ke akwai mutum a gidan nan. Muka kasa kunne, tari ne na tsoho, mai zurfi, har da gyaran murya a ƙarshe. Ya ɗau tocila da taɓarya ya fita, ni ina bayansa ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, ashe Dogari ne yake tarin Kawu, tsaf ba bambanci. Dariya muka yi har da zama a ƙasa, daga baya kuma jikina ya yi sanyi.

A sati na uku na fara ganin ƙananan gashi a ƙasan keji, ƙirjinsa ya fara yin fili. Na kai shi asibiti a akwatin nan, wani 5,000 ɗin, sikeli ya nuna 425, tace bai yi muni ba amma tsigar gashin damuwa ce da bushewar fata. Tsuntsun kurmi ne mai son laima, mun kawo shi Kano tsakiyar hunturu lokacin da mu kanmu leɓenmu yake fashewa. Tace in dinga fesa masa ruwa mai ɗumi-ɗumi da rana tsaka ya bushe kafin yamma, in fito da kejin ya sha hantsi na ɗan lokaci da rabin inuwa, ba ta bayan gilashi ba, don irinsu suna yawan samun ƙarancin sinadarin ƙashi har ya kai su ga farfaɗiya in ba sa samun rana. Sannan barci awa 10 zuwa 12 cikin duhu, ashe talabijin ɗin da yara suke kallo har sha ɗaya yana hana shi. Abinci kuma a hankali muka rage gyaɗa don mai ya mata yawa kuma in ta yi fumfuna illa ce, muka shigo da karas, gwanda, zogale, dafaffen dankalin Hausa, dafaffen wake, ɗan ƙwai wani lokaci, da kwakwar manja da nake samowa a 'Yan Kura. Attaruhu kuwa kamar alewa yake cinsa, su yaji ba ya damunsu. Sabon kejin sai a wata na biyu, mai waldan ya so ya min zagayayye da ragar kejin kaji ya fesa fenti ruwan gwal, nace a'a, mai kusurwa huɗu nake so da ƙarfen silba irin na hannun bene kuma ba fenti, don aku da baki yake hawa, yana gwaguyar ragar nan mai ƙyalli da tsohon fenti zai iya kwasar gubar zinki ko ta dalma. Ya ce Hajiya wannan ai kejin ɗan sarki ne, 85,000. Shi ma gefen tsohon muka ajiye shi kwana 9 kafin ya yarda ya koma da kansa. Kwana biyu da komawa na shigo na same shi a saman labule, ya zare sakatar, Allah ya rufa asiri ba wuta fankar sama ba ta juyawa. Yanzu kwaɗo ne a ƙofar.

In aka haɗa duka ban da man mota 127,500 na kashe. Da zan sake, abin da zan fara yi shi ne in tara mutanen gida tun kafin mu tafi in ce ranar da za mu dawo ba baƙi, ba turare, ba ihu, sati guda ba mai zuwa kallo, sannan ɗakinsa da abincinsa su zama a shirye yadda daga mota sai keji. Zan kuma karɓo saƙon muryar Kawu tun a Kaduna ba sai na yi kuka ba. Takardun nan biyu kar a raina su, kuma su kasance a hannu ba a cikin jaka a but ba. Masu cewa za su saya kuma, ku sani tsuntsu ne da yake kai shekara 40 har 50 a hannun mutum, yana da ƙara, yana da ɓarna, ya cinye min gefen tebur, kuma waɗanda ake yawo da su a ƙananan keji a bakin titi yawanci daga daji aka kamo su, ga matsalar doka ga shi da yawa ba sa yin rai. In dai ba irin nawa ba ne da ya zo ta hannun wanda aka sani, ni ba zan ba da shawara ba.

Yanzu wata huɗu ke nan, gashin ƙirjin ya fito, yana karɓar abinci a hannuna kuma ranar da ya ga dama yana sunkuyo min da kai in sosa. Maigidan dai har yau gurnani yake masa, ina jin bai manta da tawul ɗin hanyar Jaji ba. Sabon abin da ya tsiro da shi shi ne sallama da muryar Kawu, har da ƙwanƙwasa ƙarfe sau uku kafin ya yi ta, jiya kaɗai sau biyu ina zura hijabi in fita buɗe get ba kowa.